Ranar da Na Yi Wa Mai Jita Magani

Ba zan taɓa mantawa da ranar auren Rifkatu 'yar aminiyata ba. Ko na ce zan manta, mutanen Bukuru ba za su bar ni ba, don abin yana cikin kaset, kaset ɗin kuma ya shiga gidajen da ni ban taɓa shiga ba a shekara arba'in da na yi ina yawon kitso.

Ku gyara zama ku ji. Ni tsohuwa ce, ban shiga aji ba, ban riƙe alli ba. Abu biyu na iya a duniya: kitso, da ɗaure fuska. An san ni da wannan. A coci in yara suna surutu ba sai na yi magana ba, waiwayawa kawai nake yi. A ƙungiyarmu ta matan zumunta in za a tsawatar wa wata, ni ake turawa. To, irin wannan matar ce ta yi abin da zan gaya muku, da rana tsaka, a gaban dangin ango da suka cika bas biyu tun daga Pankshin.

Amma ba a fara labari daga wutsiya.

Mijina, Allah ya ba shi hutawa, ya yi aikin kuza tun yana saurayi. Da tsufa ya zo, sai hannunsa na hagu ya soma rawa. Daga ƙaramin yatsa abin ya fara. In na ce, "Maigida, me ya sami hannunka?" sai ya tura shi cikin aljihu ya ce, "Ba komai." Ni kuma in yi shiru, don a zamaninmu mace ba ta bin mijinta da tambaya. Ba komai, ba komai, har ta kai ba ya iya kai kofin kunu baki sai rabi ya zube a riga. Shekara huɗu ni nake ba shi abinci. Ranar da muka kai shi asibiti, likita ya dube ni ya ce, "Mama, ina kuke tuntuni?" Wannan tambaya ta zauna mini a ƙirji kamar dutsen niƙa, ba ta tashi ba.

A shekarar da ya rasu aka haifa wa ɗana namiji, aka mayar masa da sunan kakansa. (Sunan Dauda ne. Na faɗa sau ɗaya don ku gane, kada a sa ni in maimaita, bakina bai saba ba.) Ni Maigida nake ce masa, shi kuma ya ce mini Amarya. A hannuna ya tashi, a ɗakina ya yi wayo. Lokacin da wannan abin ya faru ya ba shekara ashirin baya, ya yi gemu, amma kullum in ya shigo sai ya ce, "Amarya, yau me aka dafa wa miji?" In ce, "Mijin da ba ya cefane, gwate ma ya yi masa yawa."

Laifina na farko ga shi nan. Na taɓa cewa a gabansa jita kayan gidan burkutu ce, duk wanda ya rataya ta a wuya ya rataya wa kansa lalacewa. Na faɗa na wuce, shi kuwa ya riƙe. Don haka da ya fara bin Oga Sande, wani mai ƙungiyar makaɗa da ke can wajen Abatuwa, sai ya ce mini sifika yake ɗauka musu, yana naɗe wayoyi. Bai yi ƙarya ba, rabin gaskiyar ce ya bar a aljihu.

Sauran rabin, wanda ban ji ba sai bayan na gama zubar da mutuncina, shi ne wannan. Mai kaɗa musu jitar da ke jan gaba, wadda suke ce wa lid, ya tattara ya koma Abuja. Oga Sande ya ce wa Maigida a bikin Rifkatu zai gwada shi. In hannunsa ya yi gudu, gurbin nasa ne. In bai yi ba, a kawo wani, shi kuma ya koma ɗaukar sifika. Ga shi jitar ta Oga ce, a Abatuwa take kwana, sau biyu a mako yake samun taɓa ta. Sai yaron nan ya mai da hannunsa na dama jita.

Ana nan, ana nan, wata rana mun gama cin gwate muna zaune a tsakar gida, sai na ga ya kama hannunsa na dama da na hagu, kamar mai jin bugun jini. Yatsu suna motsi. Manuniya, na tsakiya, a tsallake na zobe, sai auta. Uku. Ya ɗan matsa, uku. Ya ɗan matsa, uku. Har sau shida, sannan ya dawo da baya. Idonsa kuwa yana can sama kamar ba a duniya yake ba.

Na ce, "Maigida, me ya sami hannunka?"

Ya yi firgigit, ya tura shi cikin aljihu. Ya ce, "Ba komai, Amarya."

Jama'a, hannun hagu. Aljihu. Ba komai.

Daga ranar na sa masa ido. A kan gwiwarsa yana yi. A bakin benci yana yi. Muka shiga bas za mu Taminus, a bayan kujerar direba yana yi. Makon farko ina iya ƙirgawa, ɗaya, biyu, uku. Kwanci tashi, kafin wata ya cika, ido ba ya iya bin yatsun, sai ka ce tururuwa aka zuba wa ruwan zafi. Abin da ya fi tayar mini da hankali, in abin ya ƙara sauri sai in ga yana murmushi shi kaɗai. Na ce shi ke nan, ya fara taɓa kai.

Na ce masa mu je asibiti. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Mu je mana, Amarya, a duba min ke."

Sai na kai kukana wurin aminiyata Ngo Saratu, uwar Rifkatu. Tare muka yi 'yanmatanci, tare muke zama a bencin gaba. Ta saurare ni har ƙarshe, ta girgiza kai, ta ce, "Ai dama wanda ya ci suna, har kayan sunan yake ci. Kada ki sake ki yi shiru irin na wancan karon."

Na ce, "Ko ƙasa da sama za su haɗu ba zan yi ba."

Muka yi azumin kwana uku. Ta ba ni saiwar wani itace, ina jiƙawa ina zuba masa a kunu, yana sha yana cewa tsamiyar bana ba ta da kirki. Na samo man zaitun a ƙaramar kwalba. Duk ranar da zai tafi Abatuwa yakan ɗan kishingiɗa bayan abincin rana, ni kuma in lallaɓa kamar kyanwa in shafe masa yatsun nan ɗaya bayan ɗaya, ina addu'a a zuci. Ya dawo ran nan yana mita, ya ce, "Amarya, sabulun gidan nan ya mutu ne? Hannuna sai santsi yake yi. Oga ya ce in daina cin ƙosai in zan zo aiki, ina ɓata masa kaya." Na ɗaure fuska na ce, "Allah ya sawwaƙe." (Wannan ita ce ƙarya mafi tsawo da na yi da kalma uku.)

Ranar biki ta zo. Ni na yi wa amarya kitso ana gobe, shuku mai ƙanana, har uwar ango sai da ta tambayi hannun wa. Da safe Saratu ta ja ni gefe, duk da hidimar da ke kanta, ta ce, "Kin san taro da hayaniya su ke tayar da irin wannan ciwon. Ki taho da man. Ki haɗa da cokali." Na ce kakansa bai taɓa faɗuwa ba. Ta ce, "Na zamani ya fi na da ƙarfi." Na sa cokali a jaka. (Daga baya wata ma'aikaciyar jinya a cocinmu ta ce mini ko mai farfaɗiyar gaske ba a tura masa cokali a baki. Kun ga kuskure biyu ke nan na ɗauka a jaka ɗaya.)

Bayan an ɗaura aure a coci aka koma filin makarantar firamare. An kafa rumfuna, janareto yana ta ƙugi a bayan aji, mai bidiyo yana yawo da abinsa a kafaɗa. Mu matan zumunta muna sahun gaba cikin ankonmu. Na ɗaga ido wajen makaɗa ina neman mai naɗe waya, sai ga Maigida tsaye, da jar jita rataye a wuya.

Na ce, "Saratu, me nake gani?"

Ta ce, "Wataƙila riƙe wa wani ya yi."

Ba riƙewa ya yi ba. Aka fara waƙoƙin yabo masu sanyi, yana taɓawa a hankali, kuma ko ban so ba sai da na ji daɗin abin a kunnena. Na ce a raina maganar jita mu yi ta a gida. Abin da na zuba wa ido hannun ne. Hannu lafiya lau, yatsu a natse. Na ce Allah na gode, man ya kama.

Aka ci, aka sha, aka yanka kek. Sai mai gabatarwa ya ce ango da amarya su fito fili. Ganguna suka canja taku, aka juya zuwa makosa, irin kiɗan nan da ke sa dattijo ya manta da ciwon gwiwa. Fili ya cika. Can sai Oga Sande, wani ƙato mai tumbi da farar hula, ya ɗaga hannu ya yi ihu, "Dauda! Ba su wuta!"

Yaron nan ya tako gaba. Ya rufe ido. Ya karkatar da kai baya. Baki ya buɗe. Sai yatsun suka tashi.

Wayyo, jama'a. Abin da nake gani a tsakar gida, ashe wasa ne. Suka haura wuyan jitar nan suka gangaro, suka haura suka gangaro, kafaɗarsa tana karkarwa, ƙafa ɗaya tana dukan ƙasa, jitar tana wani irin kuka siriri kamar ana yanka ta. Mutane suka ɗauki ihu. Yau na san ihun daɗi ne. A ranar kuwa abin da kunnena ya ji shi ne jama'a sun ga abin da na gani. Sai muryar likitan nan ta faɗo mini: Mama, ina kuke tuntuni?

Na ce, "Saratu, ya tashi!"

Ni da rabona da gudu tun ina da cikin autana, ban san lokacin da na tsallake kujera ba. Na ratsa tsakanin ango da amarya. Takalmi ɗaya ya tsaya a fili, ban waiwaye shi ba. Na isa, na cafke hannun hagun nan na fizge shi daga wuyan jita. Sifika ta yi wata ƙara da ta sa jarirai kuka. Na buɗe kwalba da haƙori na juye man gaba ɗaya, rabi a hannu, rabi a jita. Ga makirfo a tsaye daidai bakina, ni ban lura ba, na kwarma:

"Ku tsai da kiɗan nan! Yaron nan ba shi da lafiya! Ciwon kakansa ne ya tashi! Ku riƙe min ƙafafunsa!"

Sannan na zaro cokali.

A cikin kaset ɗin, in kun samu kun gani, nan ne wurin da ake mayarwa baya a sake kallo. Tsohuwa da takalmi ɗaya, ɗankwali ya zame, ta yi ɗage tana neman bakin saurayi da cokalin shayi, shi kuma yana kaucewa kamar yaron da za a ba wa maganin tsutsa.

Ganguna suka mutu. Fili ya yi tsit, ba ka jin komai sai janareto. Maigida ya dube ni, ya dubi man da ke ɗiga daga jitar mutane, ya ce a hankali, "Kaka, me na yi miki?"

Kaka. Tun da ya iya magana bai taɓa kirana haka ba. Nan jikina ya fara gaya mini akwai magana.

Oga Sande ya matso yana share gumi. Na zaci zagi zai yi, sai ya rusuna ya ce, "Mama, sannu. Wane irin ciwo ne?"

Na ce, "Yatsunsa ne, ɗana. Rawa suke yi. Uku-uku, uku-uku, ba dare ba rana." (Duk wannan a bakin makirfo, har masu sayar da rake a bakin titi suna ji.)

Ya ce, "Tun yaushe?"

"Wata biyu da kwana tara."

"Kullum?"

"Kullum ta Allah. A tsakar gida, a cikin bas, har fasto yana wa'azi bai fasa ba."

Fasto yana zaune a babban tebur. Ya gyara tabarau.

Oga ya juya wajen Maigida ya ce, "Kai, da wace jitar?" Yaron ya ɗaga hannunsa na dama ya nuna. Oga ya dubi hannun, ya dubi kwalbar da ke hannuna, ya shinshina wuyan jitarsa. Ya ce, "Ashe ba ƙosai ba ne." Sai ya fashe da dariya, tumbin yana rawa, har sai da ya dafa sifika. Daga nan fili ya ɗauka. Dangin Pankshin suna faɗuwa a kan juna. Amarya tana dariya tana riƙe kitson da na yi mata. Na nemi Saratu da ido, na hango ta ta sunkuya wai tana gyara kular shinkafa.

Da Oga ya samu numfashi ya ce, "Dauda, nuna wa Mama a hankali, ta ga ciwon da idonta."

Maigida ya goge hannu a wando, ya ce, "Duba nan. Waya shida ce. In kowace waya da irin takunta, sai kai ya tsaya yana tunani, gudu ya lalace. Shi ya sa ake koya wa yatsu taku ɗaya. Wannan, wannan, wannan." Ya taɓa, sauti uku suka fito. "In na sauka waya ta biyu, su ɗin ne dai, ba a canja ba. Ta uku ma haka, har ta shida. In hannu ya haddace, ba ya jiran kai."

Na tsaya ina kallo. Kashi uku, wannan ya bi wannan, layi ya ƙare a koma na gaba, hannu bai canja ba. Ni da nake yi wa mace kai guda ina hira, ina kallon masu wucewa, ban duba yatsuna ko sau ɗaya ba. Na ce, "Au! Ai kitso ne." Makirfo ya ɗauki wannan ma.

Oga ya ce, "Kitso ne, Mama. Ni dama tsorona, yaron da ke taɓa jita sau biyu a mako ina zai iya riƙe lid? Yanzu kin ba ni shaidar da ban nema ba. Amma shaida ba kiɗa ba ce. A goge a sake daga farko. In ya kai ƙarshe, gurbin nasa ne."

Na cire gyalen kafaɗata na miƙa aka goge jita. Maigida ya mai da hannu kan wayoyi, ɗaruruwan idanu a kansa, wasu har yanzu suna ƙyaƙyatawa. A nan ne na ga hannunsa yana rawa, rawa ta gaske, kuma ni na jawo ta. Na gane ta nan take, don shekara huɗu na zauna da irinta. Ba ta da tsari, ba ta da lissafi, inda ta ga dama take zuwa. Ni da na fi kowa sanin wannan a filin nan, yaya aka yi ban lura ba cewa ciwo ba ya ƙirga uku-uku?

Na kauce wa makirfo, karo na farko a ranar, na matsa kusa da kunnensa na ce, "Maigida, kada ka dubi kowa. Yi kitsonka."

Ya ja numfashi. Mai ganga ya buga. Ya fara a hankali, uku, uku, uku, kamar mai taka dutse a rafi. Sannan ya ƙara. Sannan ya ƙara. Kafin in koma in ɗauki takalmina yatsun sun ɓace, sai kukan jita kawai ke tashi, fili ya rikice, har fasto na gani yana kaɗa kafaɗa a zaune. Oga Sande ya ɗaga farar hularsa ya kifa a kan Maigida, ya yi ihu ta makirfo, "Mama, in akwai sauran man nan a gida, a ajiye mana!"

Ni dai na koma kujerata na ɗaure fuska. Amma fuskar da aka gani tana bin mutum da cokali, ko an ɗaure ta ba ta ɗauruwa. Har yau in na waiwaya a coci, yaran shiru suke yi, sai dai kafaɗunsu suna motsi.

Abin da na koya, ban koye shi da arha ba. In ka rufe wa yaro ƙofa da bakinka, kada ka yi mamaki in ya ce maka ba komai. Kuma tsoron jiya mugun likita ne, kowa ya gani sai ya rubuta masa ciwon mamaci.

Bayan biki da kamar mako guda, muna zaune a tsakar gida, jar jitar tana jingine a bango, don Oga ya yarda ta riƙa kwana a wurinmu. Hankalina ya tafi wani wuri. Sai na ji Maigida ya yi gyaran murya. Na bi idonsa da kallo, sai ga yatsuna a bakin zanena, sun kama zare uku suna ta kitsawa, ban ma san suna yi ba. Allah kaɗai ya san shekara nawa suka yi suna wannan.

Ya miƙe a natse, ya ce, "Amarya, kada ki motsa. Bari in ɗauko cokali."